Kilo Ashirin da Uku

Akwatin ya buɗe baki a kan gado tun la'asar,
na ba shi, na ba shi, bai ce ya ƙoshi ba.
Ma'auni ne ya ce ashirin da shida.
Kamfanin jirgi kuwa ashirin da uku ya sani,
ba ya jin rarrashi, ba shi da dangi a Izmir.

Wata bakwai a Osaka.
Ni zan buɗe ofis a can,
in tallata wa mutanen da ban iya gaishe su ba
irin ɓauren da kakata ke shanyawa a kan rufi,
ba ta taɓa zaton zai hau jirgin sama ba.
Samfur kwali huɗu, waɗannan ba a taɓa su.
Kwat biyu, baƙa da mai ruwan toka.
Rigar sanyi, don cikin zafi zan sauka, hunturu ya same ni can.
Katin suna ɗari biyar
da rubutun da sai an nuna mini inda Nesrin ta fara.
An ce da hannu biyu ake miƙa shi, a ɗan rusuna.
Na gwada gaban madubi, na yi wa kaina dariya.

Ta taga, jirgin ruwan ƙarshe na tsallakawa Karshiyaka,
fitilunsa na rawa a kan ruwa.

Baba Rustem na tsaye bakin ƙofa,
silifas na hagu a ƙafar dama.
“Ina za ki?”
“Japan, Baba.”
“Yaushe za ki dawo?”
“In lemon tsakar gida ya yi fure.”
Ya gyaɗa kai, ya tafi.
Kafin in ninke siket ɗaya ya dawo:
“Ina za ki?”

Na jera maganinsa a 'yan kwalabe, Litinin zuwa Lahadi.
Na liƙa wa Gulizar, matar ƙanena, takarda a jikin firji:
sukari ɗaya a shayi, ko ya yi fushi;
kar a bar makulli a ƙofa;
in ya tambayi Mama, a ce ta je kasuwa.
Wannan layin na goge shi,
na sake rubuta shi.

Sai na zazzage komai ƙasa
ina neman ɓarawon kilo uku.
Can ƙarƙashin rigar sanyi, a naɗe cikin tawul,
kwalbar zaitun ce, babba,
baƙaƙen nan masu yamutsattsiyar fata
na itacenmu na ƙauye.
Jiya na fitar da ita. Shekaranjiya ma.
Mutumin da ke manta ya ci abincin rana
bai manta 'yarsa za ta inda ba a karyawa da zaitun ba.

Na zauna a ƙasa, kwalbar a cinyata.
Takalmi mai tsini ya fita.
Littattafai biyu da na daɗe ina yi wa alkawari suka bi shi.
Na'urar busar da gashi, ai can ma suna da kai.
Ashirin da uku da ɗigo ɗaya.
Ɗigon nan, murmushi zan biya a kansa.

Da asuba tasi ta yi ƙaho.
Fasfo, biza, caja, na taɓa jaka sau uku.
Ferhat ya ɗaga akwatin yana nishi: “Dutse kika sa?”
Baba ban ga inda ya shige ba.
Na ɗauka barci ya koma,
na ji haushi, na kuma ji sauƙi.

Mota ta fara motsi, na waiga.
Ga shi bakin titi cikin rigar barci
da kwanon ruwa a hannu biyu,
rabi ya riga ya zube masa a ƙafa.
Ya watsa sauran a bayanmu
yadda ake yi wa matafiyi a garin nan:
tafi kamar ruwa, dawo kamar ruwa.
Ba wanda ya tuna masa.

Direba ya ce, “Filin jirgi ko?”
Kai kawai na iya ɗaga masa.