Zanen Suna a Gangare

Raliya ta zazzage kwalin a kan tabarma,
kala ashirin da huɗu, tsarabar Taminus,
kowace da 'yar rigarta ta takarda
da suna a jiki, baƙo, mai wuyar faɗa.
"Kaka, karanta min."
Na ɗauko tabarau. Harshena ya dinga tuntuɓe
kamar ɗan ƙauye a matakalar bene.

A zamaninmu, 'yar nan, takwas ne kacal,
su ma na aji ne, ba na uban kowa ba.
Malama Kaneng ke ɓoye su a gwangwanin madara,
ta ƙirga da safe, ta ƙirga in za a tashi,
kamar mai kiwon kaji a unguwar shirwa.
Ja kan riga kowa mutuwa,
don duk gidan da muka zana rufinsa tsatsa ne.
Fari kuwa da rigarsa ya tsufa,
ba wanda ya san aikinsa a farar takarda.

Shekarar da aka kawo babban kwali
muka tsinci wata a ciki,
ba ja ba, ba fara ba,
kamar gwandar da aka tsinka ba ta nuna ba.
Malama ta duba rigar, ta yi jim, ta fassara:
"Wai launin fata."
Muka jera hannuwa a kan benci,
ni da Davou da Nkechi da Tanko,
muka bi da ita hannu hannu
kamar mai cigiyar akuya.
Ba ta sami mai ita ba.
Davou ya ce ta baturen kuza ce,
wanda ya kwashe ya bar mana ramuka.
Tun ranar muke kiran ta Manaja.
Na ji wai masu yin ta sun ji kunya daga baya
sun sake mata suna.
Oho dai. Mun riga su.

To matso, mu yi zanen suna,
ba rago, ba goro, ba wanzami.
Wannan ruwan ɗorawa. Wannan ruwan hanta.
Ga karas ɗin Farar Gada, da sanyin asuba a jikinsa.
Ga atili. Ga toka, irin ta Dutsen Shere
in hadari ya zauna masa a ka.
Wannan shuɗin baba ne, na mahaifina marini;
sabulu ya yi shekara arba'in yana roƙon hannuwansa,
da shuɗinsu aka kai su kushewa.

Wannan koren, ajiye shi gefe.
Ki yi ganyen kabeji da shi, ki yi tuta,
amma kada ki yi ruwa.
Haka tafkin kuza yake, lumui, ba ya motsi,
ranar da Tanko ya cire riga ya ce mu riƙe masa.
Muna aji biyar.
Sunan wannan launin yana bakina,
ban taɓa faɗa wa kowa ba.

Raliya ba ta tambaya ba.
Ta ɗauki wata mai ƙyalli ta ce, "Wannan
Gyalen Umma Ranar Albashi."
Na ce ya zauna. Suna ya raɗu.

Sai ta kama hannuna ta shimfiɗa,
ta gwada makuba, ta girgiza kai,
ta gwada baƙi, ta ce ya yi yawa,
ta goga wannan a kan wancan, tana cije leɓe,
har fuskata ta fito a takarda,
kunne ɗaya ya fi ɗaya.

Ana kiran magariba ta miƙa hannu
ta zaro farin, ta yage masa riga,
ta dirje shi a haɓata, a kan duhun da ta shimfiɗa.
Shekara sittin ina jira
in ga ranar da za a ba shi aiki.