Dawo

Su bakwai ne a kwando, gidan Likita Bawa a Yawuri,
masu launin zuma,
kunnuwa a zube kamar ganyen rama ya sha rana.
Shida suka rufar wa kwanon madara.
Ɗaya ya jawo takalmina daga bakin ƙofa,
ya ajiye a gabana, yana jira.
Na ce, wannan.
Na sa masa Dawo.

Baba ya ce, "Can baya.
Kada in gan shi kusa da buzuna."
Na kafa masa rumfar zana a gindin darbejiya.

Gashin nan ba don zafinmu aka yi shi ba.
Da bazara nakan jiƙa buhu in shimfiɗa masa,
in taje shi, in tsince kaska a tsakanin yatsunsa.
Allurar haukan kare ta cinye mini kuɗin shinkafa kwano biyar.
Kifi kuwa, sai na zare ƙaya.

Bayan la'asar mu gangara Kwara.
In wurga gora, ya faɗa kamar ɗan Sarkawa,
ya fito da ita, ko tabon haƙori babu.

Ranar da sakamakon jarrabawa ya zo
na dunƙule takardar, na cilla ta ruwa.
Ya kawo ta jiƙe sharkaf.
Na sake cillawa.
Ya sake kawowa.
Sai na warware ta, na shanya.

Yanzu yana ta fara rufe idon Baba.
Jiya sandarsa ta suɓuce a zaure,
na ji shi ƙasa-ƙasa:
"Ina wannan yaron? Dawo. Miƙo."