Alƙalin Tsere a Tafkin Jabi

Tun rana ba ta hau benayen Utako ba
ina bakin ruwa,
na jiƙa yatsa, na ɗaga sama
in ji ta inda iska za ta ɓullo.
Iskar Jabi ba ta riƙe alkawari:
ta ce kudu da hantsi,
kafin azahar ta musanta.

Ni da Shekwolo mai inji
muka kai jarkoki uku tsakiyar tafki,
ruwan ɗorawa, kowace da igiya da bulonta.
Kainuwa dashen Allah ce,
waɗannan kuwa dashena ne, in sun karkace ni za a zaga.
Na ce a ja ta biyu yamma, gaba ashirin.
Ya yi tsaki, ya ja.

A allo na jera sunaye da alli: sha ɗaya.
Injiniya Barau ya ce rigar ceto ta matse masa tumbi.
Na ce ko ka ɗaure,
ko ka zauna a rumfa ka sha zoɓo.
Ya ɗaure.

Saura minti biyar, tuta ta hau, ƙaho ya yi kuka.
Saura huɗu. Saura ɗaya.
Fararen filafilai sun cunkushe a bakin layi
kamar motoci a gadar Mabushi da yamma,
layin da ba wanda ya shata
sai idona, daga sandar tuta zuwa jarka.

Saura daƙiƙa biyu, hancin jirgi guda ya leƙa.
Lamba bakwai.
Na san hannun da ke riƙe da igiyar nan,
ni na koya masa ƙulli,
ni na riƙe shi muka tsallaka titi ranar fara makaranta.
Asabe ce, autata.
Na busa, na ɗaga tutar komawa.
Ta waiwayo, kallon uwarta sak.
Ta juya, ta sake shigowa,
goma sun riga sun ba ta baya.
Alƙali ba shi da ’ya a kan ruwa,
a gida ne zai biya, kan tuwon dare, cikin shiru.

Ana zagaye na biyu hadari ya haɗo ta gabas,
baƙi ƙirin, yana gunaguni.
Fuskar tafki ta yamutse.
Jirgin Barau ya kwanta a gefe, ya kife,
ga shi can yana lilo kamar ƙwarya
cikin rigar da ya raina.
Na nuna wa Shekwolo da hannu, inji ya tashi.
Na yanke zagaye na uku.
Obiora, da yake shirin cin na gaba, ya daka mini tsawa.
Yi ta yi, ɗan’uwa.
Walƙiya ba ta karanta dokar kulob ba.

Suna tsallake layi ina rubutu da fensir,
biro ba ya son jiƙaƙƙiyar takarda.
Nandir ta ɗaya. Obiora. Tanimu.
Asabe ta huɗu, haƙora a cije.

Sannan aikin da ba a tafa masa:
na tsaya cikin ruwan sama ina ƙirga jirage.
Takwas, tara, goma.
Goma.
Miyau ya ƙafe mini.
Sai ga inji yana tari ta bayan ciyayi,
yana jan na sha ɗaya kamar akuya mai gardama,
Barau a zaune yana aman tafki.
Na goge allo.

A rumfa ana musun kofi.
Ni ina matse tutoci,
sai wani hannu ya kama ɗaya gefen, muka ninke.
“Da nawa na wuce?”
“Taƙi ɗaya.”
Ta dubi ruwa, ta daɗe.
“Wani sati ka sa tabarau,” in ji ta,
ta ɗauki ƙahon ta kai mini mota.