Yatsa Biyu

Shekara sha tara tana ƙarƙashin darbejiya
a lungunmu na Gwammaja,
Fijo ruwan toka, ta Baba.
Kaji sun yi ƙwai a kujerarta,
yaran unguwa sun koyi rubutu da yatsa a gilashinta.

Ranar da muka ja ta zuwa Ƙofar Ruwa
Malam Tanimu ko bonet bai buɗe ba.
Ya ja da baya taku biyar, ya tsuguna,
ya runtse ido ɗaya kamar mai duban wata.
Ya ce, "Mai motar nan ƙato ne."
Na ce, "Ka san shi?"
Ya ce, "Ina fa. Dubi yadda ta karkata.
Dama a tsaye, hagu a zaune.
Mutum ya manta, ƙarfe ba ya manta."

Aka ɗaga ta da jak, aka tokare da kututture,
tayoyin gaba suka fita.
Noti na farko ya zo da daɗi,
na biyu ya ce sai dai a kashe shi.
Mun ba shi kananzir, mun ba shi baƙin mai,
ya kwana biyu yana sha, bai motsa ba,
sai da Barau mai walda ya zo
ya gasa shi ja wur, sannan ya saki tsatsarsa ya juya,
da ƙara irin ta ƙyauren da aka daɗe ba a buɗe ba.

Bushin ya ruguje a tafina kamar ƙuli-ƙuli.
Shokabzoba na danna ta da hannu ɗaya,
ta shige, ba ta dawo ba,
numfashinta ya ƙare tun ban yi aure ba.
Da aka zo kan sifirin Tanimu ya daka min tsawa:
"Kauce daga gabansa!
Wannan ba shi da ɗan'uwa."
Ya ɗaga leɓe ya nuna min giɓi,
ya ci gaba da matsa.

Sababbin kuwa, sati uku ina yawo,
rumfa rumfa, har Sabon Gari,
kowa ya ce "dawo jibi."
Na same su ƙarƙashin tarin rim wajen wani dattijo,
kuɗinsu ya ninka abin da Baba ya sayi motar gaba ɗayanta.
Na biya. Ban faɗa wa kowa a gida ba.

Da aka ɗaura komai, sai na ga ya bar notuna sako-sako.
Ya sauke ta ƙasa, ya goge hannu da tsumma,
ya ce, "Shiga ka zauna."
Na ce, "Ai ba a gama ba."
Ya ce, "Ba a ɗaure ta a sama.
Sai ta taka ƙasa, ta ji nauyin mai ita,
in ba haka ba roba ta murɗe, wata uku ta yage."

Na zauna. Sitiyari ya yi min faɗi.
Ramin kujera ya haɗiye ni.
Motar ko gezau ba ta yi ba,
a ƙarƙashina ina jin sifana tana aiki,
ƙwas, ƙwas,
ana ɗaure ta daidai da ni.

La'asar muka hau titin Katsina,
muka faɗa rami da gangan, ta haɗiye shi shiru.

Tsofaffin sifirin biyu na kawo gida a buhu,
na tsayar da su a tsakar gida, kafaɗa da kafaɗa.
Na hagu ya gaza da yatsa biyu.
Inna ta fito da buta, ta tsaya,
ta aza yatsunta a kan giɓin ta auna,
ta daɗe ba ta ce komai ba.
Can ta ce, "Tuwona ne wannan,"
ta wuce alwalarta.