Ɗinkin Bara'atu

Ranar jajibere tela ya aiko daga Ƙofar Marusa,
atamfa mai zanen tsuntsaye, an ninke a leda.
Bai ji labari ba.
Tun Sha'aban ya auna ki,
kina mutsu-mutsu, wai igiyar awo na yi miki cakulkuli.

Na ɗaga rigar. Ya ƙara mata tsawo,
yara saurin girma gare su.

Safiyar Sallah na tuƙa tuwo,
hannuna ya ɗauko kwano huɗu.
Na mayar da ɗaya, ban gaya wa kowa ba.
Babanki daga Idi ya zarce Ɗan Marna,
ya dawo da ƙasa a gwiwar wando.

Da la'asar ƙawayenki suka cirko a zaure,
sun rasa ta inda za su fara gaisuwa.
Sai ƙaramarsu, Nasiba mai giɓi, ta ce,
"Umman Bara'atu, barka da Sallah."
Tun sadakar uku ba wanda ya kira ni haka.

Na ba ta rigar. Ta yi mata yawa a kafaɗa.

Da dare na ƙirga da yatsu:
Sallah goma sha uku aka ara mini ke,
har da wadda kika goge lalle a mayafina,
da wadda kika ɓoye soyayyen nama a ƙarƙashin filo.
Mai abu ya karɓi abinsa.

Alhamdulillahi ta tsaya mini a maƙogwaro kamar ƙayar kifi,
amma ta fito.
Gobe zan sake gwadawa.