Keji Na Goma Sha Bakwai

Ruwan Valdivia ba ya sallama.
Tun asuba yake dukan rufin ɗakin bincike,
ni kuma na zura farar riga, na ɗaure gashi,
na jawo sikeli kusa da taga.
Herminia Catrileo, mai awon ɓeraye,
shekara ashirin da biyu
ina rubuta nauyin waɗanda ba su san sunana ba.

Ta keji na goma sha bakwai,
a watan Mayu aka cire mata ma'ajiyar ƙwai.
Ɗinki biyu ƙanana a kwiɓi.
Ta farfaɗo, ta lashe ƙafa, ta nufi abinci.
Giram ashirin da ɗaya take ran nan.
Yau sikeli ya ce talatin,
gargaren da take gudu a ciki da dare
ya yi tsit kamar kasuwa ta watse.

Dakta Ibacache, wanda ɗan cikina ya girme shi,
ya zana mini ƙwaƙwalwa a takardar burodi.
Ya ce, "Dubi nan, can ƙasa, ɗan lungu ne,
a mutum bai fi ƙwayar gyaɗa da yawa ba.
Nan mai gadin yunwa yake zaune.
Kitse kan aiko masa: mun ƙoshi, rufe ƙofa.
Sinadarin mace, estirojin, shi ke wanke masa kunne.
In ya janye, saƙo bai fasa zuwa ba,
sai dai mai gadi na jin sa
kamar kira daga ƙasan rijiya."

Na ce to.
Na ninke takardar, na sa a aljihu.
Ban ce masa wata goma sha ɗaya ke nan
rabona da al'ada ba.
Ban ba shi labarin zufar tsakar dare ba,
ko tsayuwata gaban firji ƙarfe uku, ba takalmi,
ina haɗa cuku da sanyin dankalin jiya,
ina kasa kunne ko ciki zai ce ya isa.
Shiru, kamar an shuka dusa.

Anselmo ya ce kwaɗayi ne kawai.
Ya faɗa yana sassauta bel,
tumbinsa ya jingina da tebur
kamar baƙon da ya ƙi tafiya.
Laifi tudu ne, mijina.
Kai ma naka sinadarin na tsiyaya,
ɗigo-ɗigo, randa mai yoyo,
ni ce dai aka kifar da tawa.

Da yamma na bi ta kasuwar kifi a bakin kogi.
Zakunan teku sun baje a kan siminti,
ƙiba kan ƙiba, suna hamma,
masunta na jefa musu kawunan kifi,
ba wanda ya ce su ji kunya.
Na daɗe a tsaye har lema ta fara yoyo.

Ran Alhamis aka sa wa ta sha bakwai
ƙwayar sinadarin a ƙarƙashin fata.
Mako biyu, na tarar da saura a mazubinta.
Na tsaya bayan an kashe fitila,
sai na ji gargare na kuka, ƙii, ƙii,
tana gudu ba inda za ta.

Ni ba ɓera ba ce, na sani.
Likitar mata ta ba ni ranar Talata,
ta ce za mu auna riba da hasara tukuna.
Na daina hawa bas, gada nake ƙetarewa da ƙafa.

Yau na rubuta: sha bakwai, giram ashirin da bakwai.
Ƙarƙashinsa, da fensir, na sa nawa nauyin.
Na ɗauki magogi,
na juya shi a hannu,
na mayar da shi aljihu, kusa da takardar burodi.