Gwangwanin Baba

Babana a Ƙofar Kuyambana yana da gwangwani,
tsohon na madara, murfinsa ya lanƙwashe.
Ciki allura uku, guntun alli,
da zaren da ya rage daga rigar wani.
Bai taɓa kiransa kayan aiki ba,
amma ba ya soma aska takwas sai ya buɗe shi.

Ni kuwa a Samaru, ɗakin haya bayan kasuwa,
Lisp nake rubutawa in dare ya raba,
baka a buɗe, baka a rufe,
kamar ɗinki mai komawa kusa da inda ya fito.
Ba wata babbar manhaja ba ce.
Ɗan aiki ne mai baje jerin da ke cikin jeri,
wani mai datse sarari a bakin kalma,
wani mai riƙe lissafin ɗazu don kada a maimaita.
Layi ɗari biyu da 'yan kai.

Sabi'u ya leƙa allon, ya ce tarkace ne.
Na ce komai ƙanƙantar allura ƙarfe ce.
Ya yi dariya, ya shanye mini shayi.

Ran Talata wani da ban san garinsu ba
ya ara, ya gano jeri wayam yana kayar da shi,
ya gyara da layi biyu, ya maido.
Ko cikakken sunansa bai bari ba.

Haka maƙwabta ke aron allurar Baba
ta dawo da sabon zare a kafarta.

An ɗauke wuta. Batir saura kaɗan.
Na lalubi maɓalli cikin duhu
na rufe baka na ƙarshe.